Sukuru na Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, ranar Talata, bututun ƙarfe ya kuɓuce daga injin ɗaga kaya ya same ni a haɓa. Mu uku ne a wurin: ni, da direban injin, wani mutumin Yaman, da ogan aikinmu, Bature, wanda ya ɗaga hannu ya ce a ja tun ban gama ɗaure igiya ba. Na san lokacin ne saboda agogon hannuna a nan ya tsaya da na faɗi. A Jidda ne, a filin da wani kamfanin Turawa yake gina sito kusa da tashar jiragen ruwa, watana bakwai da zuwa.

Ban ji zafi ba. Na tashi zaune, na tofar da abin da ke bakina a tafin hannu, na ƙirga. Haƙora biyar, duka na gaba, na ƙasa. Na zuba su a aljihu.

Sunana Sale. Ni mutumin Nguru ne. Sana'ata ɗaure kwalayen bandar kifi da lodinsu a tashar jirgin ƙasa. A shekarun nan na tamanin ruwa ya ja baya, kifi ya ragu, jirgin ma sai ya ga dama yake zuwa. Wani dillali ya ce akwai aikin tsaron sito a Jidda ga wanda ya iya karatun boko, ni kuwa na gama firamare. Da muka sauka ya karɓi fasfona ya miƙa wa kamfani, su kuma suka miƙo mini hular kwano da safar hannu. Ban ƙara ganinsa ba. Sito kuwa ban ga kowanne ba sai wanda nake ɗaukar ƙarfen gininsa. Wannan shi ne zango na farko, ba zan tsaya a kansa ba.

Zango na biyu asibitin kamfani ne. An ɗinke mini haɓa da dasashi, na kwana huɗu. A can na haɗu da Baba Usman, wani dattijo mai share ɗakuna da yin tafinta. Haihuwar Sudan ne, amma kakansa daga ƙasar Haɗeja ya taso a ƙafa za shi hajji, ya tsaya a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce.

"Kai ɗan ina ne?" ya ce.

"Nguru."

"Garin kifi. Kakana yakan ambace shi. To, ɗana, da me za ka ci kifin yanzu?"

Rannan da asuba na ji kaina ina karanta Fatiha, haruffa na zurarewa ta gibin kamar iska ta tsagar ƙofa. Shekaruna talatin da huɗu.

A rana ta huɗu ogan ya zo da takarda da biro. Bai zauna ba. Baba Usman ya karanta a zuci, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Me ta ce, Baba?"

"Ta ce kai ne ka ɗaure igiyar ba daidai ba."

"Ba haka aka yi ba."

"Na sani. Amma ya ce in ka sa hannu, akwai likitan ƙasarsu a nan da ya koyo wani sabon aiki, ana dasa haƙora a cikin ƙashi, su zauna kamar na haihuwa. In ka ƙi, jibi za a sa ka a jirgi da bakinka haka."

"Kai me ka gani?"

"Ni tafinta ne, ɗana. Abin da aka faɗa nake faɗa." Ya ƙara da cewa, "Amma gaskiyarka ba za ta tauna maka nama ba."

Na sa hannu. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na lura dai biron ja ne.

Zango na uku shi ne dasawa da jira. Sai da dasashin ya warke tukuna. Likitan mutum ne mai ƙarancin magana, mai tsafta, kuma ina ganin yana neman baki irin nawa ya gwada hannunsa. Ya yi mini allurar kashe zafi, ya tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi wuri uku. Ina jin ƙarar injin a cikin kaina, ina jin ruwan sanyi yana gangara maƙogwaro, amma kamar a jikin wani ake yi. Ya murɗa kusoshi uku na wani irin ƙarfe da Baba Usman ya ce ƙashi yana kama shi kamar ɗan'uwansa. Ya mayar da dasashi a kai, ya ɗinke. Na duba madubi, ban ga komai ba sai gibin da na sani.

"Ina haƙoran?" na ce.

"Wata huɗu," in ji Baba Usman. "Sai ƙashi ya riƙe kusoshin. Kafin nan ba tauna. Ko dabino."

Aka mayar da ni aiki, wannan karon shara da yayyafa ruwa. Mu goma sha biyu ne a ɗaki, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Abincinmu gurasa da shinkafa da kaza mai tauri. Kwana uku ina shan shayi kawai. A rana ta huɗu mai dafa abincin sansanin, Karim, mutumin Bangaladash, ya riƙe hannun rigata a layi, ya nuna bakina, ya nuna bayan kicin. A can ya ajiye mini kwano: wani ƙaramin wake da suke kira adas, ya dafe ya narke, an jiƙa gurasa a ciki an dama. Tun daga ranar har wata huɗu bai tsallake ko rana ɗaya ba. Wata rana da kifi a ciki, ya tsince ƙayoyin da yatsunsa ya murje naman. Kalmomin da muka haɗa ni da shi ba su wuce biyar ba, kuma uku daga ciki sallama ce. Ban san ko yana da rai ba yanzu.

Ranar Juma'a mukan shiga gari. Kusa da masallacin da nake zuwa akwai matan ƙasarmu masu sayar da fura da kilishi. Wata Juma'a na sayi kilishi, na koma gindin katanga na zauna ina shinshinawa, na gutsuri kaɗan da yatsa na ɗora a harshe har yajin ya ƙare, na tofar. Wani Bakano mai sa wa alhazai haƙorin Makka ya gan ni.

"Malam, wane ne ya yi maka wannan fashin? Zo in cike maka da zinariya yau yau, ka koma gida kana walƙiya."

"An riga an dasa."

Ya leƙa bakina. "Ina? Wallahi an cuce ka. Ba abin da ke nan sai nama."

Na tafi da maganarsa a raina. Mako biyu ina latsa dasashin da harshe ina neman kusoshin, ban ji su ba. Wasiƙar matata Aisa ta zo a tsakanin nan, tana tambaya ko gaskiya ne abin da wani alhaji ya faɗa a Nguru, wai ya gan ni ba haƙora. Na rubuta mata cewa aiki lafiya, a gaishe da Kawu Maina na Gashuwa.

Zango na huɗu ɗaurawa. Likita ya sake buɗe dasashi, kusoshin suna nan, ya ƙwanƙwasa kowanne da ƙarfe, ya saurari ƙarar, ya gyaɗa kai. Bayan mako uku ya kawo haƙora biyar a haɗe wuri ɗaya, farare, ya ɗora su a kan kusoshin, ya ɗaure da sukuru uku na zinariya. Kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya toshe ramukan da wani farin abu kamar danƙo. Ya miƙo mini tuffa ya ce in ciza. Na ciza. Na ji ƙarar, na ji zaƙin, amma leɓena na ƙasa daga tsakiya zuwa hagu bai ji komai ba. Tun ranar bututun ya mutu, har yau kuma bai farfaɗo ba.

Sai ya zauna ya ba ni dokoki, Baba Usman yana fassarawa, ni ina rubutawa a bayan hoton ƙashin da aka ɗauke ni. Na ɗaya, waɗannan haƙoran ba sa ruɓewa, amma naman da ke riƙe da kusoshin yana ruɓewa, kuma in ya fara ba zafi zai yi ba sai ya yi nisa. Na biyu, bayan kowane abinci in wanke ƙarƙashinsu da ɗan siririn buroshi da zare, ya ba ni ƙunshi guda. Na uku, ban da fasa ƙashi ko wani abu mai tauri da su, ban da sakace da ƙarfe. Na huɗu, sau ɗaya a shekara likita ya kwance sukurun, ya cire haƙoran, ya wanke, ya duba naman, ya mayar. Ya ɗauko ɗan sukudireba wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ya sa a ambulan.

"Ya ce ka ba likitan haƙorin garinku wannan," in ji Baba Usman. "Akwai shi ko?"

"Akwai mai cirewa."

Baba Usman ya faɗa masa. Likita ya dube ni, ya dubi ambulan, ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce ka nemi wanda ya iya."

Ban roƙi sukurun ajiya ba. Ban san ana roƙa ba. Bayan kwana takwas kamfani ya ba ni fasfona da tikiti. Baba Usman ya raka ni bakin ƙofa, ya ce in na ci kifin Nguru in tuna da kakansa.

Zango na biyar gida. Abokaina na tasha sun zo sannu da zuwa, suka sa na buɗe baki ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa na dawowa da haƙorin Makka guda, kai ka dawo da biyar, kuma ko ɗaya ba ya ƙyalli. An yi maka na talakawa, Sale."

Na bi dokokin yadda aka ba ni su. Da ƙunshin buroshin ya ƙare a wata na takwas, sai na riƙa tsaga aswaki siriri ina tura shi ƙarƙashi, ina kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowace salla. Goro na daina fasawa da gaba, sai in yanka da wuƙa in tura can baya. Sukudireban na kai wa baduku ya ɗinka masa kube na fata, na rataya a wuya. Mutane sun ɗauka laya ce.

Da shekara ta cika, Aisa ta ce, "Malam, ba don in ɓata maka rai ba, bakinka ya fara canza wari." Na duba madubi, naman ya yi ja. Na je asibiti a nan gida, ma'aikacin ya ɗaga hoton ƙashin ga hasken taga, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka ce su cirewa suka iya. Na je Maiduguri, aka ce an taɓa jin labarin irin wannan aikin amma ba a taɓa gani ba, kuma ba wanda zai taɓa abin da bai sani ba. Ban ga laifinsu ba. Wanzamin unguwarmu ya ce in ba shi minti biyar da awartaki ya raba ni da wahala. Na gode masa.

A kakar nan na je Gashuwa taya Kawu Maina, ƙanen mahaifiyata, kwasar barkono. Na tafi da agogon nan da ya tsaya, na kai wa wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa, Sande, mutumin kudu, Kirista, wanda ya fi shekara ashirin a garin. Rumfarsa ta kara ce, ƙasanta rairayi. Na zauna a benci ina kallo ya maƙala madubi a ido ɗaya, ya kwance sukuru mai ƙanƙantar ƙwayar gero, ya ɗauke shi da hantsaki ya ajiye a faranti, hannunsa ko rawa bai yi ba. Da ya gama na ciro kuben daga wuyana, na ajiye masa sukudireban da hoton ƙashin.

Ya juya shi. "Wannan na wane agogo ne?"

Na buɗe baki na nuna masa.

"Alhaji! Ni agogo nake gyarawa, ba mutum ba. In agogo ya lalace a hannuna sai in ba da wani. Kai in ka lalace ina zan samo wani?"

"Sukuru ne. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa."

"Hagu kwancewa, dama ɗaurewa," ya maimaita, yana dariya. "Ka ji mutum. To in ka cije ni fa?"

Kwana biyu ina zuwa ina zama a bencinsa. A rana ta uku ya ce in kawo farin ƙyalle da gishiri.

Ga yadda muka tsara aikin, kuma ba mu taɓa canza shi ba. Da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau. A tafasa sukudireba da hantsaki a butar shayi. Ya wanke hannu da sabulu sau biyu. In kwanta a benci, a shimfiɗa ƙyallen a ƙirjina. Ya tono abin da ya toshe ramukan, ya kwance daga dama zuwa hagu, kowane sukuru a farantinsa. Ya ɗaga haƙoran, ni in wanke su da kaina, in wanke kusoshin da naman da ruwan gishiri. Ya mayar daga dama zuwa hagu, ya toshe ramukan da kakin zuma. Abin da muka tarar a ƙarƙashi a karon farko ba zan rubuta shi ba. Cikin mako guda jan ya tafi, warin ya tafi. Sande ya sa mini suna Alhaji Agogo, yana cewa duk kwastomominsa ni kaɗai ne agogon da ke zuwa sabis da ƙafarsa. Shekara ta biyu ma haka muka yi, lafiya lau. Na ci tsire, na ci banda, na yi limanci a masallacin tasha ranar da liman ba ya nan.

Shekara ta uku, ranar Alhamis, ƙarfe goma da kwata. An wanke, an mayar da haƙora, ya ɗaure na dama, ya ɗaure na tsakiya. Da ya kawo na uku sai ya zame daga hantsakin ya sauka a kan leɓena, ɓangaren da ya mutu. Ban ji saukarsa ba.

"Kada ka motsa," in ji Sande. "Yana kan leɓenka. Kada ka motsa ko kaɗan."

Ya juya zai gyara riƙon hantsaki. Daidai nan Kawu Maina ya iso ta bayan rumfa, ya zo kirana mu tafi gona.

"Salamu alaikum."

Na amsa. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya amsa kamar yadda yake amsawa tun ina ɗan shekara huɗu, kuma muryar kawuna ce. Kafin in kai ƙarshen amsar Sande ya yi ƙara. Sukurun ya faɗi, kuma ba a kan ƙyallen ba.

"Na ce kada ka motsa!"

"Sallama aka yi."

"Ko gwamna ne ya yi, ba sai ya jira ba?"

Muka zana da'ira a ƙasa, aka hana kowa takawa. Sande ya ɗauko mayen ƙarfe ya bi rairayin da shi, ya kwaso allurai da tsofaffin sukurun agogo da ya ɓatar tun shekaru, amma mayen ƙarfe ba ya kama zinariya. Wata mai sayar da garin masara ta ba mu aron rariya biyu. Muka tankaɗe ƙasan rumfar tafi bayan tafi. Kawu Maina, da shekarunsa saba'in, ya naɗe babbar rigarsa ya tsuguna yana tankaɗe tare da mu. Muka yi azahar muka dawo, muka yi la'asar muka dawo. Na kakkaɓe rigata, na duba gemuna, Sande ya duba naɗin wandonsa. Da rana ta yi ja Kawu ya ajiye rariyar.

"Da na sani da na wuce abina, Sale."

"Sallama ba laifi ba ce, Kawu."

Na faɗa ne don gaskiya ce. Ban ji haushinsa ba, ban ji na kaina ba. Na lura dai agogon da Sande ya gyara mini yana tafiya daidai.

Na ce wa Sande ya sa sukurun agogo. Ya ƙi. Ya ce zarensu, wato tsagar da ke murɗe a jikin sukuru, ba ɗaya ba ne, in ya tilasta shi zai cinye ramin kusar, kuma ƙarfe ne, zai yi tsatsa a cikin nama. "Ka je ka yi fushi da ni, Alhaji, amma ba zan sa ba." Na kai wa maƙerin zinariya a Kano zanen da Sande ya yi, ya ce zobe da ɗan kunne yake yi, zare mai ƙanƙanta haka ya fi ƙarfin kayan aikinsa. Na rubuta wasiƙa biyu zuwa asibitin kamfanin, ba amsa. Wani maƙwabcina da ya je hajji ya nemi wurin, ya tarar an gama gini, Turawan sun tashi, ba wanda ya san wani Baba Usman.

Yanzu wata tara ke nan haƙoran suna kan sukuru biyu. In na taɓa gefen hagu da harshe suna ɗan motsi. Sande ya ce na tsakiya ne ke ɗaukar nauyin biyu, kuma ranar da ya karye a cikin kusar ba abin da zai iya yi. Don haka na daina tauna. Na koma kunu da fura, Aisa tana tsince ƙayar kifi tana murje mini naman a miya, yadda Karim yake yi, ko da yake ban taɓa ba ta labarinsa ba. Duk wata ina hawa mota zuwa Gashuwa ya ƙara ɗaure biyun da suka rage.

Abin da nake roƙon mai karanta wannan shi ne: in kana da hanyar wata ƙasa inda ake wannan aikin, ko ka san likitan da ya taɓa yin sa, ka zo wurin masu ɗaurin banda a Nguru ka tambayi Sale mai haƙoran Jidda. Zan ba ka zanen sukurun da awonsa da hoton ƙashin. Guda ɗaya nake nema, na zinariya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. In kuma ba ka same ni a Nguru ba, ka bi ni Gashuwa, rumfar mai agogo a bakin kasuwa. In ka tarar da ni kwance a benci baki buɗe, don Allah kada ka yi sallama. Ka tsaya daga waje ka jira ya gama.